Ba ruwan sama ke cin babur ba, ruwan da ya kwana ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikatan wannan jarida, dan Allah ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu babur a kan tsatsa. Na san wani zai ce duk matsalolin duniya ka rasa abin da za ka rubuto sai tsatsa, to amma wanda babur ɗinsa shi ne ƙafarsa, ko ma da shi yake ci da iyali, ya san ba ƙaramar magana ba ce.

Abin da ya tunzura ni shekaranjiya ne da yamma. Wani yaro maƙwabcina da ya yi sabon babur, ko wata uku bai yi ba, na same shi ya cika shi da kumfa tun daga fitila har lamba, ya ɗauraye da bokiti biyu, ya tsaya yana kallonsa yana murmushi, sannan yana gamawa ya tura shi lungu ya jawo wata ƙatuwar leda ya lulluɓe shi ruf, ruwa na ɗiga daga ƙarƙashi. Na ce masa ɗana, ka bari ya bushe mana. Sai ya yi dariya ya ce Baba ai ƙura nake gudu. Ban ja da shi ba don ni ma haka nake a da, kuma sai da na sha wuya na gane.

Shekarun baya ina da wani babur da nake ji da shi, sau uku nake wanke shi a sati, duk wanda ya gan shi sai ya ce kamar yau aka fito da shi daga kwali. Rannan ina cikin tafiya sai ya fara shaƙewa, in na murɗa mai sai ya yi kamar zai tashi sai ya lafe, can ya mutu. Na canza fulogi, ya yi kwana biyu ya koma. Na sake canzawa, duk ɗaya. Da na gaji na kai wa wani dattijon bakanike, bai ko taɓa fulogin ba, ya sa sukudireba ya kwance kofin da ke ƙasan kafireta ya juye a tafin hannunsa ya miƙo mini. Wallahi Malam Edita wani jan taɓo ne kamar an jiƙa jar ƙasa, ga 'yan ɓarɓashi a ciki suna ƙyalli, a ƙarƙashin fetur ɗin kuma ga wani ɗigon ruwa yana yawo shi kaɗai kamar ƙwayar ido. Ya buɗe murfin tanki ya haska tocila ya ce leƙa. Na leƙa. Tankin da nake gogewa da tsumma mai laushi kullum, wanda nake ganin fuskata a jikinsa, cikinsa ja wur. Kyan ɗan maciji ke nan. Dattijon bai ce komai ba sai "ka iya wanka, ba ka iya shanya ba", kuma har yau maganar tana kaina.

Tsatsa dai ba wani abin ɓoye ba ne. Ƙarfe ne ke haɗuwa da iskar oksijin, ruwa kuma shi ne ɗan aiken da ke haɗa su. In babu danshi abin ba ya tafiya sai a hankali ƙwarai, shi ya sa ƙarfen da ke busasshen wuri zai shekara da shekaru lafiya lau. In kuma aka samu gishiri a cikin ruwan to abin ya zama gudu, don ruwan gishiri ya fi saurin ɗaukar lantarki, ita kuwa tsatsa a ƙasan ta wani ɗan aikin lantarki ne ke gudana tsakanin wani sashe na ƙarfen da wani. Abin da ya sa ta fi sauran mugunta shi ne ba ta tsayawa. Alminiyom shi ma yana haɗuwa da iska amma fatar da yake yi tana manne masa ta rufe shi, ita ko tsatsar baƙin ƙarfe sakwaf take kamar soso, tana kumbura ta fi ƙarfen da ta ci girma, ta ɓare ta faɗi ta buɗe sabon wuri, kuma tana riƙe ruwa a jikinta ta ci gaba da shayar da na ƙasa. Wannan kumburin ne ke sa ka ga fenti ya yi ƙuraje, shi ne kuma ke sa noti ya ƙi kwancewa har sifana ta cinye kansa.

To kaga ruwan saman da ya doke ka a hanya, ka iso gida injin da zafi, iska ta buge shi, wannan da sauƙi. Wanda ke ɓarna shi ne wanda ya samu wurin kwanciya: cikin taɓon da ya manne a ƙarƙashin madigadi, cikin soson kujera da ledarta ta yage, ramin kan noti, bakin walda, ƙasan tanki, cikin salansa, cikin rim. Duk wuraren da ido ba ya kaiwa ne, kuma su ne tsumma ba ya zuwa.

Bari in daɗe a kan tanki don shi ya fi cin mutane ba su sani ba. Yawancinmu ba ma cika tanki, lita ɗaya lita biyu muke zubawa, sauran duk iska ce. Murfin tanki kuma yana da 'yar ƙofar numfashi, dole ne, in babu ita mai ba zai sauka ba. Da rana tanki ya yi zafi iskar ciki ta fita, da dare ya huce ya jawo sabuwar iska mai laima, laimar nan ta zama raɓa a bangon ciki kamar yadda kake ganin gumi a jikin kwalbar ruwan sanyi. Ɗigon ya gangara, da yake ruwa ya fi fetur nauyi, lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce ta fetur kuwa wajen giram 750, sai ya nutse can ƙasa ya kwanta daidai inda aka haɗe tankin, ba ya ƙonewa ba ya tashi. Shi ya sa tanki ke hujewa daga ƙasa ta gefe, kuma daga ciki yake fara ci, ran da ka ga fenti ya tashi kana jin warin fetur to ta riga ta gama aiki. A ƙasashen da ake gauraya fetur da sinadarin etanol abin ya fi muni don shi etanol jan ruwa yake yi daga iska. Sannan ga mu da son tafiya a rizab, alhali shi rizab daga can gindin tanki yake zuƙo mai, wato duk dattin da ya kwanta kai da kanka kake aika shi kafireta. In babur zai yi sati biyu ko wata a ajiye, a cika tankin, bangon da fetur ya rufe ba ya tsatsa. A kuma duba robar murfin, in ta tsage to duk wanki ruwa kake ɗura wa tankinka.

Nawa dai ga yadda muka yi da shi. Muka sauke tankin muka juye man, muka cire famfon, muka toshe ramin. Dattijon ya ƙirga noti 20 ya zuba a ciki da ɗan kananzir, ya ce in girgiza, na yi ta girgizawa har kafaɗata ta sage, muka juye, ya sake ƙirga notin sai da suka cika 20 cif, don in ɗaya ya maƙale a ciki ka samu ƙararrawa ta har abada. Daga nan muka wanke, muka cika shi da farin ruwan kal, wanda tsaminsa bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, shi ya sa yake cin tsatsa a hankali ba ya huda ƙarfe, muka bar shi ya kwana ya wuni. Abin da ya fito kamar ruwan kwata. Sai ɗauraya, sai ruwan bekin soda don ya kashe sauran tsamin, sai kuma wurin da mutane ke faɗuwa: busarwa. Ƙarfen da aka wanke da tsami tsirara yake, in ka bar shi da danshi kafin ka je ka dawo ya sake yin ja. A busar da shi nan take da iska, a mayar, a cika da mai, a sa 'yar matatar mai a tiyo tsakanin tanki da kafireta, irin mai haske ɗin nan da kake ganin dattin da ta kama. Masu babur na zamani da famfonsu na lantarki yake cikin tanki, a fitar da shi kafin a zuba komai. Kuma dan girman Allah kada wanda ya leƙa tanki da ashana ko laita, kada kuma a kai tanki wurin walda don an juye man, tankin da babu mai sai tururi ya fi cikakke haɗari.

Sai wanki. Ni ban ce kar a wanke babur ba, taɓo ma ai shi ne katifar ruwa, barinsa ya fi wankin illa. Yadda ake wankin ne. Injin feshin nan mai ƙarfi da masu wanki ke saita shi a kan cibiyar taya da wuyan babur da sarƙa, yana tura ruwa ya wuce roba ya shiga cikin boris ya kori giris, ruwan kuma ba shi da hanyar fita. Bayan wata biyu ka ji kan babur yana ƙas ƙas in ka juya, ka ce ai kayan yanzu ba su da ƙarko. Garin sabulun wanki shi ma akwai gishiri-gishiri a cikinsa kuma yana cinye duk wani maiƙo da ke kare fenti, in ba a ɗauraye sosai ba ya bushe a lungu sai ya zama abin jan danshi. Bokiti da soso da sabulu mai laushi sun isa. A wanke da safe ko da rana, ba da magariba ba. A goge da busasshen tsumma, a jingina shi gefe ruwan lungu ya tsiyaye, sannan a hau a yi tafiyar minti 10 ko 15 ana ɗan taɓa birki, zafin inji da iska su ƙarasa abin da tsumma bai kai ba. Wanda ke zaune kusa da teku, ko a ƙasashen sanyi da ake watsa gishiri a titi saboda ƙanƙara, shi kam ɗauraya da ruwan sanyi ta zame masa dole akai-akai. Haka mai ɗaukar buhun takin zamani ko gishiri a kariya, garin da ke zuba yana cin ƙarfe fiye da yadda ake zato, kuma kada a ajiye babur a ɗaki ɗaya da buhunan taki.

Maganar leda kuwa, ita ce ta fi ba ni haushi don mutum yana ganin gata yake yi wa babur. Leda ko tamfol mai kauri ba ta numfashi. Ka rufe jiƙaƙƙen babur, ko ma busasshe a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, rana ta fito ta dafa ciki, tururi ya tashi ya rasa hanya, dare ya yi ya sauko a kan ƙarfe, gobe haka jibi haka. Gara ka bar shi a rumfa iska na ratsa shi. In dole sai an rufe, a samu murfi mai ƙofofin iska ko tsohon zanin gado, a bar ƙasa a buɗe, a kuma ɗora shi a kan siminti ko katako ba kan ciyawa ba.

Salansa ita ma daga ciki take mutuwa, kuma wannan ya ba ni mamaki ran da na fara ji. Ashe fetur in ya ƙone ruwa yake haifarwa, kusan lita guda ta ruwa a duk litar fetur, yana fita a matsayin tururi. Da sanyin safiya ai kana ganin farin hayaƙi da ɗigon ruwa a bakin salansa, to shi ne. In ka yi tafiya mai nisa salansa ta yi zafi sosai sai ya ƙone ya fita. In kuwa aikinka daga gida zuwa bakin titi ne, ko kuma irin masu tayar da babur ya yi minti biyu a tsaye su kashe wai suna ɗumama shi, to tururin yana taruwa ya kwanta a cikinta, ga shi da ɗan tsami-tsami. Salansa da yawa suna da wani ɗan rami a ƙasa don ruwan ya ɗiga, taɓo kan toshe shi, a sa siririyar waya a buɗe. Ko sau ɗaya a sati a ba babur tafiya mai ɗan tsawo.

Sarƙa kuwa kowa ya san ta, ita ce ke fara yin ja. Nan ne ake rigima a kan WD-40, man feshin nan na gwangwani, wasu na cewa ya isa a fesa wa sarƙa, wasu na cewa a'a. Abin nan a 1953 aka haɗa shi a San Diego ta Amurka don a kare jikin makami mai linzami na Atlas daga tsatsa, haruffan biyu na farko ma korar ruwa suke nufi, 40 ɗin kuma wai a gwaji na 40 aka dace. To aikinsa ke nan, korar ruwa da sassauta abin da ya cije, kuma a nan ba shi da laifi, bayan wanki ka fesa a makulli da mahaɗar wayoyi da kan notuna ka goge. Amma siriri ne, ba ya zama a sarƙar da ke juyawa da gudu, kwana kaɗan ta bushe ƙayau. Sarƙa a wanke ta da kananzir da tsohon buroshi, ba fetur ba, musamman irin mai 'yan zobban roba a tsakani don fetur na lalata su. A goge, a sa man sarƙa ko man giya mai lamba 80 ko 90 wanda littafin babura da yawa ke cewa a yi amfani da shi, a sa ta ciki inda take hawa haƙora, bayan an dawo daga tafiya tana da ɗumi, a share wanda ya yi yawa don kar ya tara yashi. Kamar duk kilomita 500, da kuma duk ran da ruwa ya doke ka. Baƙin mai da aka juye daga inji da mutane ke shafawa, na san ya fi babu, amma datti ne da garin ƙarfe a cikinsa, kuma yana fantsama har taya. Abu ɗaya da ba wasa: a kashe inji. Da hannu ake juya taya. Masu sa giya su bar taya na juyawa suna riƙe da tsumma, yatsu da yawa sun tafi a haka.

Yanzu ga mai sauƙin, wadda ake gani a jikin ƙarfe mai ƙyalli, madubi da kariya da murfin salansa. Wannan ƙyallin wani siririn rufi ne na kuromiyom da ko kusa bai kai kaurin gashi ɗaya ba, yana da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, tsatsar daga ƙarfen ƙasa take ɓullowa ta bazu a sama, shi ya sa sau da yawa ta fi kama da muni fiye da yadda take. Kada a sa mata samfefa, za ka kankare rufin gaba ɗaya ka buɗe mata gona. Ka samu takardar alminiyom irin mai walƙiyar nan, ka dunƙule, ka tsoma a ruwa ka goga a hankali. Na gwada a kan kariyata da ta yi ɗigo-ɗigo kamar ƙyanda, ina gogawa wani baƙin ruwa na fita, na share da tsumma sai ga ƙyalli ya dawo, sai 'yan ƙananan ramuka baƙaƙe da suka rage inda ta ci da zurfi. Alminiyom ya fi rufin laushi shi ya sa ba ya karce shi. Amma ramukan nan suna nan, in ba ka bi da man goge mota ko ɗan maiƙo ka toshe su ba, sati biyu ta dawo.

Inda wannan ɗigo-ɗigon ya daina zama maganar kwalliya shi ne a sandunan shakazoba na gaba. Sandar tana shiga tana fita ta cikin roba mai riƙe mai, in tsatsa ta yi mata ƙaya sai ta yanka robar, mai ya fara tsiyaya, ya gangaro har birkin gaba. Mutum ya canza roba sau uku yana zagin kaya, alhali sandar ce ke yankawa. Goge sandunan nan da tsumma mai ɗan maiƙo bayan kowane ruwa ba ya cin minti ɗaya.

Haka rim. Akwai lokacin da na yi faci sau uku a wata ɗaya a tayar baya, ba ƙusa ba ƙaya, har na fara zargin mai facin. Da aka cire tayar gaba ɗaya sai ga cikin rim ɗin ya yi ɓawo-ɓawo, ruwa ya bi ta ramukan wayoyin taya ya kwanta a ƙarƙashin robar da ke zagaye da shi, ɓawon tsatsar ne ke cin tif daga ciki. Muka kankare da buroshin waya, muka shafa fenti, muka sa sabuwar roba, shikenan faci ya ƙare. Duk ran da za a canza taya a ce wa mai aikin ya bari a ga cikin rim. Su ma wayoyin a riƙa ƙwanƙwasa su da sifana, mai lafiya tana ƙara ƙal, wadda ta ruɓe ko ta saki sai ka ji ta dum.

Birki ne kawai wurin da zan ce a bar tsatsa ta sha iska. Faifan birki in ya kwana a jiƙe da safe za ka gan shi ja, wannan ba komai, taka birki biyu uku ya goge. Kada a kuskura a fesa masa mai ko wani abu mai santsi, in ma ana fesa wa wani wuri kusa da shi a rufe shi da tsumma. Mai birkin ganga kuma, ɗan ƙarfen da ke buɗe takalman birkin yakan yi tsatsa ya cije, ka taka ya ƙi dawowa, giris kaɗan a kan ƙarfen nan kawai, ban da takalman. Man birki shi ma yana shan ruwa daga iska, shi ya sa ake cewa a canza shi duk shekara 2, kuma in ya ɗiga a fenti a wanke nan take don cinye shi yake. Wayar kuloci da ta birki suna ruɓewa a cikin rigarsu, ɗigon mai daga sama lokaci-lokaci ya fi a ce ta tsinke maka a tsakiyar titi.

A leƙa ƙarƙashin batir ma. Irin batir mai ruwa yana da ɗan tiyo na numfashi, in ya cire ko ya karkace ruwan batir ya riƙa ɗiga a kan firam, wannan kam ba tsatsa kaɗai ba ce, ci ne. Farin gari ko kore da ke taruwa a kan batir, a cire wayar da ke da alamar ragi tukuna, a wanke da ruwan ɗumi da bekin soda, a busar, a mayar a shafa ɗan basilin. Su kuma notunan ƙarfe da ke shiga jikin inji na alminiyom, ƙarfe biyu mabambanta in ruwa ya shiga tsakaninsu sai ɗaya ya ci ɗaya, su manne kamar an yi musu walda. Ɗan giris a zaren kafin a ɗaura ya raba gardama. Wanda ya riga ya cije kuma ba a yi masa ƙarfi, a jiƙa shi da mai ya kwana, a ɗan bubbuga kansa, a gwada gaba da baya, in ka karya shi a ciki ka sayi aikin kwana biyu. Wasu na canza notunansu da na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ake haɗawa da kuromiyom aƙalla kashi 10.5 cikin 100, irin wanda Harry Brearley ya samar a Sheffield ta Ingila a 1913. Yana da kyau a murfi da madigadi da lamba, amma ban da wurin birki da shakazoba da inda inji ke rataye, notunan wurin masu lamba 8.8 ko 10.9 a ka an yi su ne don ɗaukar nauyi, a bar su yadda kamfani ya sa.

Sai fenti, kuma nan ina da ƙorafi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ɗan karcen da dutse ya yi ko inda igiyar kaya ke goga, nan take farawa ta bi ƙarƙashin fenti tana tafiya. In ka gani da wuri ko man farce marar launi ka ɗiga ya tsare ta kafin ka samu fenti. Amma na taɓa kai firam wurin wani mai fenti, ya fesa baƙi a kan tsatsar yadda take, ya yi kyau kamar sabo, wata huɗu duk ya kumbura ya ɓare, kuma abin da ke ƙasa ya fi da muni. Fenti a kan tsatsa rufe ciwo ne da ƙazanta a ciki. Sai an kankare da buroshin waya, a bi da samfefa mai kaushi kamar lamba 120 sannan mai laushi kamar 400 har farin ƙarfe ya fito, a goge maiƙo, in akwai ramukan da samfefa ba ta kai ba a shafa maganin tsatsa mai sinadarin fosforik wanda ke mayar da ita baƙa mai tauri, sannan fentin ƙasa, jan nan ko mai tutiya, ya bushe, sannan na sama shafi biyu ko uku sirara. Masu zuba ruwan batir ko asid mai ƙarfi don su ga ƙarfe ya yi fari nan take, eh zai yi fari, amma yana cin lafiyayyen ƙarfen tare, ragowarsa kuma na maƙalewa a lungu ya ci gaba da aiki, ga haɗarin ido da hannu.

Akwai kuma inda ya kamata mutum ya haƙura. In ka sa bakin sukudireba ka danna firam ko hannun da ke riƙe tayar baya ka ji ya lotsa, ko ɓawo na zubowa kamar ɓawon itace, ko ka ga tsaga a bakin walda, to wannan ya wuce fenti, sai canji ko gyaran ƙwararre, don ranar da zai karye ba a tsaye zai karye ba, da kai a kai ne kuma wataƙila da wani a baya. Mai shirin sayen babur na hannu shi ma ya tafi da tocila, ya leƙa tanki, ya ɗaga kujera, ya durƙusa ya duba ƙasa, sabon fenti a tsohon babur tambaya ce ba amsa ba.

Shi yaron maƙwabcina jiya da safe na ga ya yaye ledar, cikinta duk gumi, sarƙar har ta fara yin ja a gefe. Na ba shi ragowar man giya da ke wurina da wani tsohon buroshi, na ce in ya dawo daga aiki ya zo mu leƙa tankin tare. Ya ce to Baba. Ledar dai na ga ya ninke ta ya ajiye a kan katanga, ban sani ba ko da dare ya mayar.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatu, tsohon mahayin babur